"Ai Tsufa Ne": Maganar Da Ke Zaunar Da Iyayenmu A Ɗaki

Ko kana layin ganin likita ne wannan mujalla ta shigo hannunka, ko kana zaune gefen gadon majinyacinka, ina roƙon ka ba ni 'yan mintoci, domin maganar da zan yi ta shafe ka, in ma ba ta shafe ka yau ba to ta shafi wani babba a gidanku.

Akwai wata magana da mu ma'aikatan lafiya muke ji kusan kullum daga bakin 'yan rakiya, wato "ai tsufa ne". Baba ya daina gane mutum sai ya ji muryarsa, a ce ai tsufa ne. Inna sai an maimaita mata magana sau uku, a ce ai tsufa ne. Kaka ta zabga gishiri a miya tana cewa abinci ba ya mata ɗanɗano, a yi dariya a ce ai tsufa ne. Da an faɗi haka magana ta ƙare, ba mai sake tunanin asibiti.

Ra'ayina shi ne wannan magana ta makantar da mutane da yawa a ƙasar nan, ta kuma kurumtar da wasu, alhali ana iya ceto su. Gaskiya ne shekaru suna rage ƙarfin gani da ji da jin ƙamshi, ba wanda zai musa. Amma mafi yawan abin da muke jingina wa tsufa cuta ce mai suna, wadda ake iya ganowa, ake iya warkarwa ko a tsayar da ita. Don haka duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a duba masa ido ko da ba ya jin ciwon komai, duk wanda ya kai 60 a gwada masa ji, kuma nauyin kai iyaye wannan gwaji yana kan 'ya'yansu kamar yadda nauyin ci da su yake kansu.

Abin da alƙaluma suka nuna

Tsakanin shekarar 2005 da 2007 an gudanar da babban binciken makanta na ƙasa a Nijeriya, inda aka duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama a duk shiyyoyin ƙasar. An samu kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru makafi ne, wato fiye da mutum miliyan ɗaya a wancan lokaci. Shiyyar Arewa maso Gabas ce ta fi kowace, da kashi 6.1, yayin da Kudu maso Yamma ke da kashi 2.8. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta abu ne da ake iya kaucewa ko warkarwa. Yanar ido kaɗai ita ce sanadin kashi 43, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17.

Ka tsaya ka yi lissafi. A cikin makafi goma, takwas ba dole ba ne su makance. Kuma tsufa bai san shiyya ba, tsohon Maiduguri da tsohon Ibadan duk shekaru ɗaya suke ƙirgawa. In da tsufa ne kaɗai, da bambancin bai ninka haka ba. Bambancin yana ga talauci, da nisan asibiti, da kuma lokacin da ake kai mutum gaban likita.

Ta fannin ji kuwa, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna mutane fiye da biliyan ɗaya da rabi suna da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu suna buƙatar taimako. A cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu yana da raunin ji mai hana shi walwala.

Ido: abubuwa huɗu da ake kira tsufa

Na farko shi ne raunin gani na kusa. Da mutum ya kai wajen shekara 40, ƙwayar da ke cikin ido mai daidaita gani takan fara tauri, sai ka ga yana nisantar da takarda kafin ya karanta, zare ya ƙi shiga allura, tsintar shinkafa ta gagara. Wannan kam shekaru ne suka kawo shi, amma maganinsa tabarau ne kawai. Tela nawa, mai ɗinkin hula nawa, malamin makaranta nawa suka rage aiki ko suka ajiye shi saboda abin da tabarau ɗaya zai gyara? Maganar da ake yi cewa tabarau yana kashe ido ba ta da tushe. Ido yana ci gaba da sauyawa ne da shekaru, ko ka sa ko ba ka sa ba, shi ya sa ake canza lamba bayan 'yan shekaru.

Ban ce tabaran karatu da ake sayarwa a kasuwa guba ba ne. Yana iya taimaka wa mai raunin gani na kusa. Illarsa ita ce mutum ya saya, ya ga rubutu ya fito, ya ɗauka shi ke nan, alhali ba wanda ya leƙa cikin idon nasa. A haka wata cutar take ci a ɓoye.

Na biyu ita ce yana. Mutane da yawa suna zaton wata fata ce ke rufe ido ta waje. A'a, ƙwayar nan ta ciki ce take dusashewa ta yi fari, sai gani ya zama kamar cikin hazon hunturu, hasken fitilar mota da dare ya dinga kashe ido. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke yana. Aiki ake yi, kuma yana cikin ayyukan tiyata da suka fi nasara a duniya. Ana kashe zafin idon ne kawai, mutum yana farke, a cire ƙwayar da ta dusashe ta wata 'yar ƙaramar kafa, a sa ta roba mai haske a madadinta, wadda za ta zauna har ƙarshen rayuwa. Yawanci aikin ba ya wuce rabin awa, washegari a cire bandeji. Ba a ciro ido waje a ajiye a faranti kamar yadda ake yaɗawa. Ba kuma sabon abu ba ne, tun 1949 wani likita mai suna Harold Ridley ya fara dasa irin wannan ƙwaya a birnin Landan. Haka nan zancen a jira sai yana ta nuna tsohon zance ne. Da zarar ta fara hana mutum harkokinsa, lokaci ya yi.

A nan dole in yi magana a kan masu yawo gari-gari suna ture yana da tsinke. Abin da suke yi shi ne su soka tsinke su tura ƙwayar da ta dusashe ta faɗa can cikin ido. Nan take haske ya shigo, mutum ya ga yatsu, a yi murna a biya su, su kama hanya. Bayan kwanaki ko watanni sai kumburi ya biyo, ko ƙwayoyin cuta, ko hawan jinin ido. Wancan bincike na ƙasa ya gano cewa a cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, kusan kashi 43 ture su aka yi, kuma kusan uku cikin huɗu na idanun da aka ture an same su a makance. Araha ba ta ado. Yanar da ba a taɓa ba muna iya gyara ta ko ta shekara biyar, amma idon da aka ture ya lalace sau da yawa sai dai haƙuri.

Na uku, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro, hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gulokoma. Sunan na Hausa yana ruɗar mutane, domin ba jini ba ne, kuma ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a damtse ba. Ruwa ne da ido ke samarwa a cikinsa, idan hanyar fitarsa ta cushe sai matsi ya ƙaru ya dinga kashe jijiyar gani sannu a hankali. Yawanci ba ciwo, ba ja, ba ƙaiƙayi. Daga gefe yake fara cin gani, tsakiya na nan garau, har mutum ya dinga karo da ƙofa ko tuntuɓe da kujera bai san dalili ba. Ranar da ya lura, an riga an yi nisa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Baƙar fata sun fi kamuwa da shi, yana kama su da wuri, yana kuma bin jini. Binciken nan ya nuna mutum biyar cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama suna da shi a Nijeriya, fiye da kashi 90 daga cikinsu ba su sani ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance.

Saboda wannan cuta ce nake cewa kada a jira ciwo. Idan an gano ta da wuri, maganin ɗigawa kullum, ko aikin haske na lesa, ko tiyata, suna iya tsare ganin da ya rage. Amma a sani, maganin ba ya ƙara gani, tsarewa yake yi. Masu daina ɗigawa don "ban ga canji ba" suna cutar kansu, domin rashin canjin shi ne nasarar. Idan azumi ya zo, a tambayi likita ya tsara lokutan ɗigawa, kada a ajiye kwalbar wata guda. In kuma an samu cutar ga mutum ɗaya a gida, to 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini duk su zo a duba su.

Na huɗu shi ne illar ciwon suga ga ido. Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke bayan ido, su dinga yoyo ko zubar da jini, kuma shi ma ba ya sallama. Duk mai ciwon suga a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara, ko yana gani tangaran.

Kafin in bar ido, ga gargaɗi. Ruwan suga, ruwan albasa, nonon uwa, fitsari, ruwan batir, garin ganye, babu ɗaya da ya dace da ido. Mun sha ganin ciwon afolo, wanda kan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ya koma hakiya ko ido ya fashe saboda abin da aka zuba. Haka nan akwai magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroyid da ake saya a kemis don ƙaiƙayi. Suna kwantar da ja nan da nan, shi ya sa ake son su, amma yawan amfani da su ba tare da likita ba yana jawo yana da hawan jinin ido.

Kunne: "ina ji, ganewa ce ba na yi"

A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, cikinsa da dubban ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. Waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Shekaru suna cin su, kuma masu karɓar siririn sauti ne ke fara tafiya. Shi ya sa dattijo zai ji ƙarar babur daga nesa, amma muryar jikarsa ko ta matarsa ta gagare shi. Sautuka irin su "s" da "f" da "sh" da "ts" su ne ke ɓacewa, sai kalmomi su zo masa a gutsure. Idan ya ce yana ji amma ba ya ganewa, gaskiya ya faɗa. Ba taurin kai ba ne, ba kuma zaɓen abin da yake son ji yake yi ba.

Sai dai a nan ma ba komai ne tsufa ba. Wani dauɗar kunne ce ta taru ta toshe, a cire ta cikin mintoci ji ya dawo. Abin da ke ƙara cusa ta ciki shi ne sakace da tsinken ashana, ko gashin kaza, ko audugar kunne, wanda kuma kan fasa fatar dodon kunne. Wani tsohon ciwo ne mai fitar da mugunya tun yarinta, wanda ake iya magancewa. Wani kuma magani ne ya kashe masa ji. Allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin, da maganin kwinin, suna iya taɓa kunne, wasunsu har abada, don haka karɓar allura a shago ba tare da takardar likita ba ganganci ne. Sanƙarau ma yana barin kurumta, kuma waɗanda suka ga annobar 1996 a Arewa, wadda ta kama mutum fiye da 100,000, sun san haka. Zazzaɓin Lassa shi ma yakan taɓa jin kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga gare shi.

Sai babban ɓarawo, wato ƙara. Mai injin niƙa, mai aikin walda, maƙeri, mai yankan katako, wanda janareta ke ruri kusa da shagonsa daga safe har dare, da matashin da abin sauraro ba ya barin kunnensa, duk suna cin jarin tsufansu tun yanzu. Ma'aunin ƙara shi ne desibel. Ƙarar da ta kai 85 tana illa idan aka daɗe cikinta awa takwas a rana, kuma duk ƙarin 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ba sai kana da na'urar awo ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan kamu biyu daga gare ka ya ji, to wurin yana cin kunnenka. In ka fito daga biki kunne yana maka kuka kamar gyare, gargaɗi ne. Abin toshe kunne na masu aiki ba shi da tsada.

Me ya sa na damu da kunne haka, tunda ba ya kisa? Ka lura da dattijon da jinsa ya ragu. Da farko yana cewa "na'am?", daga baya ya gaji da ganin ana ɓata fuska sai ya koma gyaɗa kai. Sannan ya daina zama a majalisa, ya daina sa baki a shawarar gida, a ƙarshe a fara cewa gigin tsufa ya kama shi. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya sanya raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa waɗanda ake iya gyarawa a rahotonsa na 2020, a 2024 kuma ya ƙara da raunin ganin da ba a yi wa magani ba. Muna cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ina amfanin hangen idan mun bar babban ba ya jin abin da ake tattaunawa?

Na'urar ƙara ji ba ta mayar da kunne sabo, kuma tana buƙatar makonni kafin a saba da ita. Amma idan an yi gwaji an daidaita ta da kunnen mai ita, tana dawo da mutum cikin mutane. Kafin a same ta ma akwai abin da kowa zai iya yi kyauta. Ka fuskance shi, fuskarka cikin haske, ka kashe rediyo, ka yi magana a tsanake. Tsawa ba ta taimakawa, tana ƙara dagula sautin ne, tana kuma ci masa fuska. In bai gane ba, ka sauya kalmomin.

Hanci: wanda aka fi mantawa da shi

Hausawa na cewa hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma haka ne, harshe ne ke gane gishiri da zaƙi da tsami da ɗaci. Amma daɗin daddawa, da ƙamshin man shanu, da bambancin miyar kuka da ta kuɓewa, mafi yawansa aikin hanci ne. Idan jin ƙamshi ya ragu, wanda kan faru bayan shekara 60, abinci yakan zama lami. Daga nan abu biyu kan faru. Ko dai tsoho ya rage ci ya rame, ko ya dinga ƙara gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ga shi kuma da hawan jini. Gara a ƙara citta, da masoro, da tafarnuwa, da lemun tsami.

Akwai haɗari ma. Iskar gas ta girki ba ta da wari a asalinta, sinadari mai wari ake zuba mata don a gane in tana fita. Wanda ba ya jin wari ba zai gane ba, ba zai ji ƙaurin wayar lantarki ba, ba zai kuma gane miyar da ta kwana ba wuta ta lalace ba. Irin wannan mutum kada a bar shi ya dogara da hancinsa. A dinga duba masa tukunyar gas da ruwan sabulu, in ya yi kumfa to akwai yoyo. Hayaƙin janareta kuwa gubar da ke cikinsa ba ta da wari ga kowa, don haka wurinsa waje, nesa da taga.

Mutane da yawa sun fara sanin ana iya rasa jin ƙamshi ne a 2020, lokacin cutar korona. Amma mura mai tsanani, da toshewar hanci ta ƙura, da tsiron da ke fitowa cikin hanci, da shan taba ko shaƙar ta, da buguwar kai a haɗarin babur, duk suna jawo shi, kuma da dama cikinsu suna da magani. Ga wanda ya rasa bayan mura, akwai atisayen shaƙa: a zaɓi abu huɗu masu ƙamshi daban-daban, kamar kanumfari da ɓawon lemu da citta da turare, a dinga shaƙar kowanne na ɗan lokaci safe da yamma har tsawon watanni. Yana taimaka wa wasu. Maganin ɗigawa na buɗe hanci kuwa kada ya wuce mako guda, in ya wuce shi da kansa yake toshe hancin. A wasu mutane raguwar jin ƙamshi tana riga cutar karkarwa ta Fakinsin ko ciwon mantuwa bayyana da shekaru. Ba kowa ba ne, kada a tsorata, amma dalili ne na gaya wa likita.

Uzurorin da ake kawowa

Wani zai ce ƙaddara ce. Ban ja da ƙaddara ba. Amma mutumin nan idan ɗansa ya karye ba ya zama, idan gonarsa ta yi tsutsa yana neman feshi. Me ya sa sai a kan idon tsoho muke naɗe hannu?

Wani zai ce kuɗi. Wannan uzuri ne na gaskiya, ba zan raina shi ba. Maganin hawan jinin ido na kowane wata nauyi ne, na'urar ƙara ji kuma ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Amma a yi lissafin ɗaya ɓangaren. Makaho a gida mutum biyu ne suka tsaya, shi da ɗan jagoransa, wanda sau da yawa yaro ne da aka cire daga makaranta. Tsohuwar da ba ta gani sosai ita ce ke faɗuwa a banɗaki ta karya ƙugu, kuma jinyar karayar ta ninka kuɗin aikin yana sau da yawa. Mai sugan da ba ya ganin lambar sirinji zai iya yi wa kansa allurar da ta wuce kima. Iyalin da ke iya haɗa kuɗin biki da na suna, suna iya haɗa na ido. Ga hukuma kuma, tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya, ina ganin ya kamata hukumomin inshora na tarayya da na jihohi su ɗauki tabarau da maganin hawan jinin ido da na'urar ji a matsayin buƙata ta dole ga dattawa, sannan a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa gwajin gani da na ji, don kada sai mutum ya yi tafiyar yini. Idan aka dage ana cin nasara. A farkon 2025 Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da cutar makantar rafi, Ghana kuma ta kawar da amosanin ido a matsayin matsalar al'umma tun 2018.

Wani zai ce layi ya yi tsawo, a zo tun asuba a ce a dawo wata mai zuwa. Wannan ƙorafi ne da ya kamata duk manyan asibitoci su saurara, domin likitocin ido da na kunne sun yi kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'a. Amma wunin layi ɗaya bai kai shekara goma cikin duhu ba. Ban da asibitocin koyarwa, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, dukansu a Kaduna, akwai kuma asibitocin ido irin na ECWA da na Makka a Kano.

Wata kuma za ta ce kunya, kada a gan ta da abu a kunne a ce kurma ce. Hajiya, mutane sun riga sun lura, domin amsar da ba ta dace da tambaya ba ta fi na'urar fitowa fili. Ita na'urar ɗankwali ma yana rufe ta.

Alamomin da ba a kwana da su

Akwai abubuwan da ba a jira ranar asibiti, a zo sashen gaggawa a ranar. Gani ya ɗauke farat ɗaya a ido ɗaya ko biyu, ko da ya dawo bayan mintoci, domin yana iya zama gargaɗin shanyewar ɓarin jiki. Ganin walƙiya da baƙaƙen ɗige-ɗige masu yawa, ko kamar an sako labule daga gefe. Ido ya yi ja da matsanancin ciwo tare da ciwon kai da amai. Sinadari ya fantsama a ido, wannan a fara wanke shi da ruwa mai tsabta mai yawa tun a gida. Kunne ɗaya ya ɗauke ji cikin kwana ɗaya zuwa uku, domin maganinsa ya fi aiki a makonni biyun farko. Kunne mai mugunya tare da zazzaɓi, ko kumburi a bayansa, ko karkacewar baki. Toshewar hanci ta ɓangare ɗaya mai zuwa da haɓo a kai a kai ita ma a kawo ta da wuri.

Abin da nake nema a wurinka

Yau in ka koma gida, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka dubi kalanda ko wani rubutu daga nesa, sannan ka sauya. Mutane da yawa sun rasa ido ɗaya ba su sani ba, saboda ɗayan yana rufa masa asiri. Ka yi wa Baba da Inna haka. Ka lura ko rediyonsu ya fi na kowa ƙara, ko sun daina karatun da suka saba da asuba, ko sun daina fita da magariba. Idan ka ga ɗaya daga ciki, ka kawo su, ka zo da duk magungunan da suke sha da tsohon tabaransu, ka kuma shiga tare da su don ka ji bayanin likita.

Kai da ka kai 40, ka sa a duba maka ido duk shekara biyu, in kana da suga ko akwai hawan jinin ido a danginku to duk shekara. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar ji ta duniya, Alhamis ta biyu a watan Oktoba kuma ranar gani. Ka riƙe su a matsayin tuni, sau da yawa ma akan yi gwaji kyauta a irin waɗannan ranaku.

Ba kowane ido za mu iya buɗewa ba, ba kowane kunne za mu iya dawo da shi ba. Amma kafin a ce tsufa ne, a bari likita ya duba tukuna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.